Shekarar da Mota Ta Sha Rubutu

Da sunan Allah nake fara wannan babin, ina kuma roƙonsa ya tsare mini alƙalami, don sau uku ina ɗaukarsa ina ajiyewa, in tashi in zagaya tsakar gida in dawo. 'Ya'yana, na san abin da kuke ji in kun je Runka biki ko ta'aziyya. Na san akwai tsofaffin da har yau in an ambaci sunana sai su ce, wai Lawal direba, wanda ya zubar da rubutun ubansa a ƙasa? Na kuma san wasunsu suna ƙarawa da cewa Malam ya rasu yana fushi da ni. Ba ku taɓa tambayata ba, kunya ta hana ku, amma ina ganin tambayar a idonku duk sanda kuka dawo. To ga yadda abin ya faru, daga bakin wanda ya kwance famfon da hannunsa.

Ni ne ɗan farin Malam, kun kuwa san abin da wannan yake nufi a gida irin namu. Bai taɓa kiran sunana ba, bai taɓa zama ya yi hira da ni ba, Inna ma haka. Tun da aka yaye ni aka miƙa ni ga ƙanwarsa, Goggo Tabawa, wadda ke zaune a gidanmu tun rasuwar mijinta, ita ce ta zama uwata, ita ce kuma mai kai saƙo tsakanina da ubana. Ni ya kamata in gaji buzu da zaure. Na sauke Alƙur'ani, ba laifi, amma Allah bai yi ni da zama ba. In na naɗe ƙafa a gaban littafi sai in ji kamar cinnaka ya shiga wandona. Da aka zo ɗibar soja lokacin yaƙin Bama ban jira an kamo ni ba, da ƙafata na tafi. Ƙanena Sani ya zauna a wurin da na bari, ya kuma cika shi. Da na dawo da lasin tuƙi a aljihu na durƙusa na gaida Malam, ya amsa, ya ce an dawo lafiya, magana ta ƙare. Bai ce sana'ar da na zo da ita ta yi ba, bai ce ba ta yi ba. Abin da nake nema a bakinsa bai wuce kalma huɗu ba, ya dubi wannan aiki nawa ya ce Allah ya yi albarka. Ga ni ƙaton magidanci da mata da 'ya, na ga teku na ga mutuwa, amma rashin waɗannan kalmomi huɗu ya hana ni sakat.

A soja ba tuƙi aka fara koya mana ba, fareti aka fara koya mana, ba na hagu-dama ba, faretin mota. Sajenmu wani Babarbare ne mai suna Bukar, gajere, mai baƙar zuciya, wanda nake yi wa addu'a har gobe. Kullum kafin inji ya tashi sai ka zagaya motarka ka leƙa ƙarƙashinta ko ta ɗigar da wani abu. Ka bugi kowace taya da ƙarfe ka ji amonta, ka taɓa notinta ɗaya bayan ɗaya. Ka zaro sandar duba mai ka goge, ka mayar, ka sake zarowa, ka murje man tsakanin yatsunka ko akwai yashi. Ka buɗe murfin lagireto, wato tankin ruwan da ke sanyaya inji, ka tsoma yatsa ka ji inda ruwan ya tsaya. Ka danna fambel, wato bel ɗin da ke juya fankar inji, da babban yatsa, ka leƙa ruwan batir, ka taka birki sau uku. Sai bayan nan za ka tayar da ita ka yi shiru ka saurara. In ka tsallake ɗaya Saje Bukar zai sa ka ɗauki taya a ka, ka yi ta zagaya fili da ita har rana ta take, yana biye da kai yana cewa:

"Mota ba ta mutuwa a hanya. A gida take mutuwa, hanya dai take zuwa ta faɗi."

Ku yanzu sai ku murɗa makulli ku fice kamar an biyo ku. Da kai nake, Kabiru, kai da ka ƙona inji a hanyar Dutsin-Ma ka zo kana ce mini wai haka kawai ta tsaya.

A kakar shekarar da abin ya faru Alhaji Isiyaku, wani mai awon gyaɗa a Batsari, ya sayi tsohuwar kitika, irin ƙaramar motar kayan nan mai gidan direba a gaba da akwati a baya, ya danƙa mini. Aikina in bi Safana da Tsaskiya da ƙauyukan tsakani in kwaso buhuna in kai masa Batsari, wani lokaci in wuce Katsina. Da yake Runka tana kan hanya, ya yarda motar ta riƙa kwana a ƙofar gidanmu, daidai bakin zauren Malam, ƙarƙashin wata bishiyar bedi, wadda wasu ke ce wa dogon yaro. Nan nake yin faretina kullum bayan sallar asuba, gidan kuwa ya sami abin yi da ni. Goggo takan leƙo da ƙwaryar koko ta ce:

"Wai kai kullum sai ka yi wa wagga aba alwala? Ko jaririya ba a yi mata wanga tattali."

Sani kuma, da littafinsa a hammata, sai ya ce:

"Yaya, in Allah ya rubuta za ta tsaya, ko lashe ta ka yi da harshe sai ta tsaya."

"In Allah ya rubuta za ka ƙoshi fa, mi ya sa kake noma?"

Sai mu yi dariya, amma dariyata ba ta kai ciki, saboda Malam yana nan zaune a bakin zaure kan buzunsa, carbi a hannu, idonsa a kaina tun daga taya ta farko har in tayar da inji. Ba ya cewa uffan. Ni kuwa na fassara wannan kallo da kaina, na ce ƙidaya yake yi, yana auna lokacin da ɗansa ke ɓatawa a gindin ƙarfe wanda da ya kamata ya ɓata a gaban allo.

Wata safiya ina goge sandar mai sai ga Goggo da ɗan ƙoƙo a rufe da faifai. Rubutu ne, wankin allon Malam, baƙi da shi.

"Ga shi in ji Malam, ka shanye kafin ka tafi."

Ku ji wautar ubanku. Zuciyata ce ta ce mini wannan ba rubutun tsari ba ne, na juya hankali ne, so yake in sha in ji motar ta fita raina in dawo zaure. Ban faɗa ba, na dai ce mata hannuna duk mai ne, ta ajiye mini sai na dawo. Na dawo ban sha ba. Washegari ta sake kawowa, na ce na makara. Rana ta uku na ce cikina ba daɗi. Ta tsaya ta dube ni, ta ɗauki ƙoƙonta ta koma, daga ranar bai sake fitowa ba. Har da wani farin ciki na yi, na ce na tsallake tarko.

Tun daga wannan makon na lura da wani abu. Ita kitikar nan mai ƙishirwa ce, da can kullum sai na ƙara mata ruwa kamar yatsa biyu. Sai ga shi in na buɗe murfin, wanda ke waje a kan hancinta inda kowa zai iya murɗawa, in tarar da ruwa cike har wuya. Yau cike, gobe cike, har aka shiga bazara, rana na ƙona dutse, ruwa bai ragu ba. Mai hankali da ya tsaya ya tambayi kansa, don abin da ya saba raguwa in ya daina raguwa shi ma labari ne. Ni sai na mayar da shi abin alfahari. A tashar Batsari har cika baki nake yi wa direbobi, ina cewa motar da ake yi wa fareti ko ruwa ba ta sha. Nakan ji yatsana yana ɗan danƙo in na zaro, nakan ga ruwan ya yi duhu, sai in ce tsatsa ce, tsohuwar mota ce.

Sai ta fara zafi. In na ɗauko kaya na fara hawan tudun da ke gaban Runka, allurar zafi ta yi ta hawa, har sai na tsaya na buɗe mata iska. Na canza fambel, ba ta daina ba. Na wanke fuskar lagireto, na cire ciyayi da fari da suka maƙale, ba ta daina ba. Ran nan a kan hanyar Wagini ta yi tururi kamar tukunyar dambu, da buhu goma sha biyu a bayana, na zauna a gefen hanya ina jiran ta huce, masu jakuna suna wuce ni suna yi mini sannu da aiki. Wannan sannun ta fi zagi zafi. Na kasa cin abinci, na kasa zama wuri ɗaya, ina zuwa gida sai in koma in zagaya motar kamar wanda ya yar da allura. Na fara zargin mutane. Akwai wani direba a Batsari da ya so Alhaji ya ba shi motar aka ba ni, na ce shi ne ya sa ake zuba mini wani abu.

Ranar wata Juma'a da ba ni da tafiya na ce yau sai na ga hanjinta. Da hantsi ne, zauren Malam cike da magidantan da ke zuwa ɗaukar karatu, ana jin muryarsa yana fassara suna amsawa. Na kwanta a ƙasa na kwance ɗan famfon da ke ƙarƙashin lagireto. Da fari ko ɗigo bai fito ba. Na sa waya na zungura, sai ga wani baƙin abu mai kauri kamar kunun kanwa da ya kwana ya ɓullo, bayansa ruwa baƙi ƙirin ya biyo, ya kama gangara ya bi ta gaban zaure, ya nufi turken da baƙi ke ɗaure jakuna. Na murje abin a yatsana, yana danƙo. Raina ya ɓaci irin ɓacin da ban sake yin irinsa ba. Na miƙe na ɗaga murya yadda duk unguwa za ta ji:

"Wane jahili ne, wane maras aikin yi ne yake zuba mani ƙazanta a mota? In ya haifu shi fito!"

Karatu ya tsaya. Na ji motsin mutane a zaure, sai ga Malam ya fito ko takalmi bai sa ba. Ya dubi ruwan da ke gudu a ƙasa, bai dube ni ba, ya ce:

"Ni ne."

Ban gane ba. Wallahi na ɗauka wata magana yake yi da wani. Sai ya ƙara, a hankali, da muryar da yake karatu da ita:

"Na aika da ƙoƙo sau uku, ya dawo a cike. Na ga mai ita ba shi sha, ita kau tana sha."

Sannan ya durƙusa. Tsoho mai shekara saba'in da wani abu ya durƙusa a ƙofar gidansa, ya sa hannu biyu ya tare bakin ruwan kafin ya kai kashin jakuna, ya riƙa kwasar laka yana zubawa a cinyar rigarsa. Ayoyi ne. Wata biyar kullum yana rubuta allo ya wanke, ya fito kafin in fito ya murɗa murfin da ya ga ina murɗawa, ya zuba. Wannan kallon da nake cewa ƙidaya ce, ashe koyo yake yi. Tawadarsa kuwa ta zuge ce, wato gawayi, da ƙaro, ƙaron ne ya taru ya dafu ya toshe hanyoyin ruwa. Ɗalibansa suka zube suna taya shi kwasa, wani da hula, wani da tafin hannu. Ni na tsaya da waya a hannu, famfo na zuba, sai da Sani ya daka mini tsawa na tuna na rufe shi. Ragowar ruwan a kwano muka tare, aka haɗa da lakar aka kai bayan masallaci aka haƙa rami aka binne. Wannan ita ce zubar da rubutun da kuke ji. Na zubar, ban musa ba, ban dai san ko mene ne ba. Kalmar da na faɗa ce ba ni da abin da zan kare ta da shi, don magana zarar bunu ce, ga kuma mutum ashirin sun ji.

Bayan sallar Juma'a Goggo ta ja ni ɗakinta, idonta ya yi ja.

"Za ka je ka durƙusa. In ya yafe, ka ce mashi murfin nan nashi ne, shi ci gaba da zubawa. Ka ji ni? Abin da zai wanke ka ke nan."

"Goggo, ƙaron shi ke kashe ta."

"To ta mutu mana! Ƙarfe ne. Ubanka fa?"

Na shiga zaure bayan la'asar, daga shi sai Sani. Na cire hula na durƙusa, na faɗi abin da ake faɗa, hawaye na zuba, ban ji kunyarsu ba. Bai bari na ƙarasa ba ya ce ya yafe, duniya da lahira, ai ban sani ba. Sani yana ta yi mini ido, na san Goggo ta gaya masa, jira yake in faɗi ragowar. Na buɗe baki in faɗa, sai na ga hanyar Wagini, na ga matan da kan roƙe ni in rage musu hanya da goyo a baya, na ga Alhaji da ya danƙa mini dukiyarsa bai taɓa zuwa ya leƙa ba. Abin da ya fito daga bakina shi ne:

"Malam, sai dai ba za a iya sake zuba mata ba. Ƙaron shina toshe ta. Ba tawa ba ce, kuma rayukan mutane nake ɗauka."

Sani ya kau da kai kamar na mare shi. Malam ya ce:

"To."

"Amma in da hali, a ba ni ƙoƙon. Zan sha."

Ya ja carbi ɗaya, biyu, uku, sannan ya ce:

"Ƙoƙon ya gaji da zirga-zirga."

Na tashi na fita. Har yau ban ce na yi kuskure da na hana ba, har yau kuma ban daina jin cewa da na iya bakina da na sami wata hanyar faɗarsa.

Na wanke lagireto da kanwa da ruwan zafi sau huɗu, zafin ya sauka. Washegari na tsoma yatsa na tarar ruwa ya ragu, fiye ma da yadda ya saba. Na bi tiyo da hannu na sami wata 'yar tsaga a ƙarƙashi, wadda ƙoƙon Malam ke rufe mata asiri duk watannin nan, na canza. Mota ta koma lafiya ƙalau, mai ita ne bai koma ba. Malam ya mayar da buzunsa cikin zaure. In na fito faretin safe babu kowa a bakin ƙofa, sai ni da bedi. Kullum in na murɗa murfin nan ina fatan in tarar da shi cike, ni da na hana. Kullum kuwa ya ragu da ɗan kaɗan, yadda ruwan kowace mota ke raguwa, in ɗauko galan ɗina in ƙara. Ina gaishe shi yana amsawa, babu fushi a muryarsa, da ma fushin ne da na san inda zan kama. A gari kuwa an riga an gama shari'a. In na shiga masallaci sai in ga sahu ya ɗan buɗe a gefena. Na riƙa ƙirƙirar tafiya, in ce wa Alhaji akwai buhuna a Tsaskiya alhali na san biyu ne, don dai kada in wuni a gida. In na tafi kuma sai in matsu in dawo, ko yau ne zai fito bakin zaure.

Da ruwan farko ya sauka, mutane suna shuka, ciwo ya kama Malam, fitsari ya ɗauke masa. Kunya ta sa ya ɓoye kwana biyu, sai da Inna ta ga ya kasa miƙewa sallah. Aka ɗauko malamin asibitin Safana a keke, ya duba ya ce wannan ya fi ƙarfinsa, a kai shi Katsina kada a wuce gobe da safe. Malam bai taɓa shiga mota ba a rayuwarsa. Da Goggo ta gaya masa bai yi musu ba, ya ce in motar ɗan nan ce, a sa shi.

Ana idar da asuba muka ɗauko shi mu huɗu muka jingina shi a kujerar gaba, aka tallafe shi da matasai. Goggo da Sani suka hau baya. Na tsaya a gaban motar da ƙarfen tayar da inji a hannuna, unguwa duk ta fito. Daga Runka zuwa Katsina a wancan lokaci, da laka a hanya, in mota ta tsaya maka ba ka da mai taimako sai jaki. Jiya da yamma na duba ta, lafiyarta lau. Amma jiya jiya ce. Na ajiye ƙarfen na durƙusa na leƙa ƙarƙashinta. Sani ya yi ihu daga baya:

"Yaya, mi kake yi? Tada mota!"

Na bugi taya ta farko. Sani ya ƙara ɗaga murya:

"Don Allah ku dube shi! Yau ma? Ubanmu shina mutuwa kana buga taya?"

Goggo tana kuka tana kiran sunana, wani dattijo ya ce ba a fafe gora ranar tafiya, wani ya ce wannan yaro soja ta cinye masa zuciya. Sandar mai ma sai a karo na uku na iya mayar da ita a raminta. Ina jin kowace daƙiƙa tana tafiya kamar daga jikina ake yankarta. Sau biyu na ce in bari haka, ƙafata ta kai ni taya ta gaba. Ban tsallake ko ɗaya ba, kwata guda na awa cif. Ban kuwa sami komai ba, mai daidai, ruwa daidai, birki daidai. Na tayar da ita muka kama hanya.

Na yi ta lallaɓa ramuka, don kowace gargada sai na ji numfashinsa ya sarƙe. Mun wuce gonakin Runka ban ji ya yi magana ba, na ɗauka ya suma. Sai na ji ya ce, idonsa a rufe:

"An sami wani abu?"

"Ban sami komai ba, Malam."

"Jiya fa?"

"Jiya ma ban samu ba."

"Gobe kuma za a sake dubawa."

"Zan sake, in Allah ya kai mu."

Har na zaci ya gama. Can ya ce:

"Ashe kai ma wuridi gare ka."

Daga nan hanya ma da ƙyar nake ganinta. Da muka kusa Batsari, wajen wani rafi da ruwa ya fara kwanciya, ya ɗaga hannu ya ce in tsaya. Na ce Malam mu ƙarasa. Ya ce in tsaya. Ya nuna galan ɗin da ke ƙarƙashin ƙafarsa, wanda nake ƙara wa mota ruwa da shi, ya ce in buɗe in riƙe masa. Na riƙe a bakinsa. Ya yi ta motsa leɓe, ya daɗe, numfashi na yanke masa yana komawa farko, sannan ya tofa sau uku, tofin da ko iska bai kai ba. Ya ce:

"Wanga babu ƙaro. Sha, ka ba ta saura. Allah shi yi albarka, kai da ita."

Na kafa kai na sha. Ruwan da ɗumi, yana warin fetur. Na fita na murɗa murfin da tsumma na ɗiga mata abin da wuyanta zai ɗauka. Sani yana dukan rufin mota da tafin hannu yana tambayar me kuma ya faru, na koma na ja mota muka ci gaba.

Mun isa Katsina da hantsi ya ɗaga. Aka karɓe shi, aka yi abin da za a iya, washegari bayan la'asar Allah ya karɓi abinsa. Na tare wani ma'aikacin asibitin a baranda na tambaye shi, da mun iso da rabin awa kafin haka fa? Ya dube ni ya ce wannan sai Allah. Shekara arba'in da wani abu ina juya wannan amsa, ba ta ƙaru ba, ba ta ragu ba.

Abin da aka faɗa a gidan gaba na motar nan babu wanda ya ji sai ni, ƙarar inji ta hana na baya ji. Na gaya wa Goggo, ta yarda, amma Goggo ko cewa na yi na ga Malam ya tashi sama za ta yarda. Na gaya wa Sani ranar sadakar uku, ya saurare ni har na gama, ya ce Allah ya sa haka ne. Bai sake tayar da maganar ba har ya koma ga Allah, mun yi zumunci, na ɗauki gawarsa da hannuna, amma na san bai taɓa gaskata ni ba. Shi abin da ya gani da idonsa ya faɗa wa mutane a zaman makoki, ban kuma ga laifinsa ba. Ya ce ana kai ubanmu asibiti rai a hannun Allah, Yaya ya tsaya duba mai a ƙofar gida, ya kuma sake tsayawa a hanya ya sha ruwa.

Ba ni da shaida, 'ya'yana. In kun je Runka aka faɗa muku haka, kada ku yi musu da kowa. Na tsaya na duba mai, na kuma tsaya na sha ruwa.